Kuɗin Shekara A Dunƙule: Zaluncin Da Ya Zauna Da Gindinsa A Gidajen Hayar Dutsin-Ma

Akwai wani zalunci da ya daɗe yana cin mutane a cikin garin Dutsin-Ma, har an saba da shi, an daina kiran sa da sunansa. Zaluncin nan shi ne a ce mutumin da ake biyan sa albashi wata-wata, ko wanda yake samun na tuwo kullum-kullum, ba zai sami ɗakin da zai sa haƙarƙarinsa a cikin gari ba sai ya dunƙule kuɗin shekara guda cur ya dire a gaban mai gida, ya ɗora la'adar dillali a kai, sannan a miƙo masa makulli ba tare da ko guntuwar takarda ba. Masu gidaje suna kiran wannan abu ciniki, dillalai suna kiran sa al'ada. Ni kuwa ina kiran sa cin zali, kuma zan kawo dalilaina ɗaya bayan ɗaya domin mai karatu ya auna da kansa.

Bari mu fara da ita kanta kalmar, tun da da ma'abota alƙalami nake magana. Haya ba Hausa ba ce ta asali, aro ce daga Ingilishi, kuma zuwanta ƙasar nan bai daɗe ba. Kakanninmu zaure suka sani. Baƙo ya sauka a ƙofar gida, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa da fura kafin a tambaye shi daga ina. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suna da masu masauki a kowane zango, kuma mai masaukin ba kuɗin ɗaki yake karɓa ba, la'adarsa yake samu daga cinikin da ya ƙulla wa baƙonsa. Sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa sabon gari a wannan birni da wancan, ma'aikatan En'e da na gwamnati suka soma yawon canjin wurin aiki, sannan ɗaki ya zama haja. Ban kawo wannan tarihi don in ce a koma zamanin zaure ba, zamani ya riga ya wuce wurin. Na kawo shi ne domin duk wanda ya ce mana karɓar kuɗin shekara al'ada ce, mu tambaye shi, al'adar wa? Tun yaushe?

Mu da muka tashi a Kutawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita mun san lokacin da ɗaki a Dutsin-Ma ba abin tashin hankali ba ne. Gari ne na hakimi, mazaunin Yandakan Katsina, mai kasuwa da makarantu da ma'aikata daidai gwargwado. Malamin da aka turo daga Kurfi ko Safana yakan sami ciki da falo cikin 'yan kwanaki, ya riƙa biya ƙarshen wata idan albashi ya shigo. Ko bayan da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, aka kuma sami Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a garin, abin bai kai ga yankan wuya ba.

Abubuwa biyu ne suka juya al'amarin. Na farko shi ne Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa a 2011 tare da wasu sababbin jami'o'i takwas. Alheri ce babba, ba mai musun wannan. To amma ta zo da dubban ɗalibai da malamai da ma'aikata daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, alhali ɗakunan kwanan da aka tanada ba su ɗauke su ba, sai suka kwararo cikin gari. Na biyu shi ne bala'in 'yan bindiga. Mutanen ƙauyukan Safana da Batsari da Ɗanmusa da Kurfi, da na ita kanta ƙasar Dutsin-Ma, waɗanda aka kore wa shanu aka ƙone wa rumbuna, ina za su nufa in ba cikin gari ba? Bayan da aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, duk mai hankali a wannan yanki ya san ba inda ya yi wa ɓarayin nan nisa. A watan Oktoba na 2023 kuma suka shigo har gefen garin Dutsin-Ma, suka ɗauke ɗalibai mata biyar na jami'ar daga gidan da suke haya.

A nan ne zancen tsakiyar gari ya shigo. A da, wanda ya nace sai ya zauna kusa da kasuwa da babban masallaci da bakin titi, ana iya cewa son jin daɗi ne, in ya ga tsada ya matsa bayan gari inda iska ta fi daɗi kuma ɗaki ya fi araha. Yau fa? Uban da ya kawo 'yarsa karatu daga Legas ko Binuwai, ya ji labarin Oktoban 2023, zai yarda a kai ta gidan ƙarshe a bakin daji don an rage masa dubu ashirin? Magidancin da ya gudo daga ƙauye da mata biyu da 'ya'ya tara, wanda har yanzu yake firgita in ya ji ƙarar babur da dare, zai koma gefen gari ya kwana da ido ɗaya? Mutanen nan ba su da zaɓi, kuma masu gidajen cikin gari sun san ba su da shi. Cinikin da ɗaya ke da wuƙa da nama, ɗayan kuma tsoro ya koro shi, ta ina ya zama ciniki?

Yanzu mu yi lissafi irin na 'yan aji ɗaya. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a wata. Mu ƙaddara, don misali kawai, an yi wa ƙaramin ma'aikaci kuɗin ciki da falo naira 180,000 a shekara. In wata-wata zai biya, naira 15,000 ke nan, wato kashi ɗaya cikin biyar na albashinsa da ɗan ɗoriya. Da nauyi, amma zai iya ɗauka, ya ci tuwo da abin da ya saura. In kuwa aka ce a dunƙule, ga la'adar dillali kashi 10 cikin 100, kuɗi sun zama naira 198,000. Albashinsa ke nan na kusan wata uku, bai sayi tiyar masara ba, bai biya ɗan ga-ruwa ba, bai sayi ko ƙwayar maganin zazzaɓi ba. Daga ina ake so ya samo? Amsar kowa ya san ta: ya shiga adashin da ya fi ƙarfinsa, ko ya sayar da tunkiyar matarsa, ko ya jinginar da gonar gado, ko ya faɗa hannun masu ba da bashi da ruwa, waɗanda za su riƙe masa katin cirar kuɗi har sai sun ga bayansa. Kafin ya gama biyan bashin bana, wa'adin baɗi ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Dubi kuma abin da mai gida ya samu. Ya karɓi kuɗin watanni goma sha biyu tun ba a kwana ko ɗaya a ɗakin ba. Ma'ana, talaka ne ya ba mai hali rance, rancen da ba shaida ba godiya. A shekarar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, saboda haka wanda ya karɓi kuɗinsa a farkon shekara ya sayi buhunan masara ya ajiye ya tsira, wanda ya biya kuwa shi ya sha zafin. Wannan shi ne kashin dankali, babba a sama, ƙarami a ƙasa yana ɗauke da nauyi.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Da zarar kuɗin shekara sun shiga aljihun mai gida, ɗan haya ya rasa bakin magana. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a gidan haya wanda ruwa ke zuba a kan katifarsa shi ya sani, mai ɗakin yana can gidansa na kwano sabo. Ka je ka ce masa rufi yana zuba, ya ce bari damina ta wuce. Damina ta wuce, ya ce ai yanzu ba ruwa, me kake ci na baka na zuba? Masai ya cika, a ce 'yan haya su yi karo-karo. Mita ɗaya ga ɗakuna goma, ga tulin bashin wuta da mutanen da suka tashi tun shekaru uku suka bari, sabon shiga shi zai biya ko a yanke. Ruwa kuwa ba a maganarsa. Ga madatsar ruwa ta Zoɓe da aka gina tun 1983 a ƙasarmu, ga aikin ruwan da Shugaba Buhari ya zo ya buɗe a 2021, amma gidajen haya nawa ne masu su suka ga ya dace su ja famfo? Ɗan haya da ɗan ga-ruwa sun zama hanta da jini. Da a ce wata-wata ake biya, mai gida zai san cewa in bai gyara rufi ba ƙarshen wata zai zo da magana. Kuɗin shekara sun cire masa wannan tsoro ɗungurungum.

Wani abokin aikina, malamin lissafi mai mata da 'ya'ya huɗu, ya shekara shida a wani gida a cikin gari bai taɓa saɓa wa'adi ba. Wata rana bayan sallar la'asar mai gidan ya aiko yaro ya ce masa ya nemi wuri nan da mako biyu, wai ɗansa zai yi aure. Bawan Allah ya kwashe iyali ya raba su gidajen dangi, ya riƙa kwana a zauren wani abokinsa, da safe ya tafi aji ya koyar da 'ya'yan mutane. Ba a yi wata biyu ba sai ga magina a gidan, an tsaga falo biyu, an mai da kicin ɗaki, an zuba ɗalibai ana karɓar kuɗi a kan kowane kai. Auren kuwa har yau ba a ɗaura ba. Ban ambaci sunan mai gidan ba domin ba shi kaɗai ba ne, duk wanda ke zaune a garin nan ya san irinsa a unguwarsu. Wannan ita ce sabuwar sana'a, a kori mai iyali a sa ɗalibai, domin su iyayensu ne ke biya daga nesa, ba su san farashin jiya ba, kuma ba za su kai ƙara gaban mai unguwa ba. Su ma ɗaliban ba gata aka yi musu ba, an cusa su ne huɗu-huɗu a ɗakin da ba taga.

Sai dillali. Ba na ƙin dillanci, sana'a ce tsohuwa mai mutunci, kuma baƙon da bai san gari ba yana bukatar mai nuna masa hanya. Abin da nake ƙi shi ne abin da wasu suka mai da ita. Kafin a nuna maka ɗaki sai ka ba da kuɗin gani, ka kuma biya ɗan acaɓan da zai kai ku. A zagaya da kai gidaje uku da aka san ba za ka so ba, gobe ka sake biya. In an daidaita, dillali ya karɓi la'ada a hannunka, ya zagaya ya karɓa a hannun mai gida. Mafi muni, tun da la'adarsa kaso ce daga cikin kuɗin hayar, duk sanda haya ta tashi shi ma ya tashi. Shi ne zai je ya raɗa wa mai gida cewa gidan Alhaji wane da bai kai naka ba an ba da shi kaza, kai me kake jira? Wasu ma in shekara ta zagayo sai su dawo neman wata la'adar a kan mutumin da ke zaune a ɗakinsa, kamar sun sake nemo masa shi. Wane aiki aka yi da za a biya sau biyu?

Na san amsoshin da masu gidaje za su bayar, domin na sha jin su a majalisa, kuma ba zan yi musu rowar wuri ba.

Za su ce gida nasu ne, da guminsu suka gina, wanda bai iya ba ya bari. Gaskiya ne gida nasu ne. To amma mallaka ba ta taɓa zama lasin cutar da jama'a ba. Mai rijiya ma a lokacin fari ba a bar shi ya sayar da guga yadda ya ga dama ba, sai gari ya yi masa ca. Kuma darajar da gidan nan ya yi, wa ya kawo ta? Mai gida bai ƙara bulo ko ɗaya ba tun da ya gina. Jami'ar da aka kafa da dukiyar ƙasa ce ta kawo ta, titin da gwamnati ta shimfiɗa ne ya kawo ta, sai kuma masifar da ta koro bayin Allah daga ƙauyukansu. Mutum ya zauna yana ƙirga riba daga gudun hijirar 'yan'uwansa, sannan ya ce kasuwa ce ta yi halinta?

Za su ce kayan gini sun yi tsada. Wannan ma gaskiya ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi, buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, kwano da katako da rodi duk sun bi sahu. Wanda ya gina sabon gida a wannan tsada yana da hujjar ya nemi abin da zai fisshe shi. Amma gidan ƙasa da aka gada daga kaka, wanda rabonsa da shafe tun zamanin Shagari, wane siminti ya ci da za a ninka kuɗinsa? Kuma ko an yarda da tsadar, ita tsada hujja ce ta yawan kuɗi, ba ta zama hujjar karɓar su a dunƙule ba. Wanda tsada ta dama ai ya fi kowa sanin cewa ɗan hayarsa ma a kasuwa ɗaya suke awo.

Za su ce 'yan haya ba su da amana, in ba a karɓa gaba ɗaya ba sai an yi ta bin su. A nan kam dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Akwai ɗan hayar da zai tara wata biyar ya sulale da dare, akwai mai fasa ƙofa ya ɓalle famfo ya bar bango kamar an yi yaƙi. Akwai kuma gwauruwar da mijinta ya rasu ya bar mata ɗakuna uku, da su take ciyar da marayu, wadda in aka hana ta kuɗin wata ɗaya tukunyarta ba za ta hau wuta ba. Wannan baiwar Allah tana da haƙƙi, kuma ba da ita nake faɗa ba. Sai dai maganin mugun ɗan haya shi ne shaida da mai tsaya masa da ajiyar kuɗin wata ɗaya ko biyu da za a riƙe saboda ɓarna. Ba a yi wa mutum ɗari hukunci saboda laifin mutum biyar. Balle ma yau da kusan kowane ma'aikaci ta banki yake karɓar albashi, yana iya ba bankinsa umarni a rubuce ya riƙa tura wa mai gida kuɗinsa ranar da albashi ya shigo. Ita gwauruwar ma ai abin da ke shigo mata duk wata ya fi mata amfani a kan dunƙulen da zai ƙare kafin azumi.

Kada wani ya ce abin da nake nema ba a taɓa yin sa ba. Nan kusa da mu a Maraɗi, Hausawa 'yan'uwanmu wata-wata suka saba biyan haya, kuma gidajensu ba su rushe ba. A Gana dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba. A Jamus tun 2015 doka ta ce wanda ya ɗauko dillali shi zai biya shi, wato tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A Ingila dokar 2019 ta hana dillalai karɓar la'ada daga ɗan haya, ta kuma taƙaita kuɗin ajiya ga yawancin gidaje a kan hayar mako biyar. A cikin ƙasar nan ma, Jihar Legas ta yi doka a 2011 zamanin Gwamna Fashola, ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, ta kuma wajabta ba da rasit. Na san ana taka dokar Legas da ta Gana da rana tsaka, domin inda ɗaki ya yi ƙaranci mai nema da kansa yake taya mai gida karya doka. Darasin da ke ciki shi ne doka ita kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da idon unguwa da kuma ƙarin ɗakuna.

Abin takaici, ko 'yar kariyar da doka ta riga ta ba mu ba mu san ta ba. A dokokin karɓe gida da kotunan ƙasar nan ke aiki da su, in babu wata yarjejeniya da ta faɗi akasin haka, mai biyan wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku yana da na wata uku, mai biyan shekara kuwa yana da na wata shida. Bayan wannan ya cika sai a ƙara masa na kwana bakwai, sannan mai gida ya tafi kotu, kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da mutum. Cire ƙofa ko kwance rufi ko watso kaya waje ba ya cikin haƙƙin mai gida. Abokin aikin nan nawa da aka ba mako biyu wata shida doka ta ba shi, amma kunya da gudun a ce ya kai dattijo ƙara suka sa ya naɗe tabarmarsa. Da wannan kunya tamu ake cin mu. A ɓangaren shari'ar Musulunci ma, malamanmu na fiƙihu sun sharɗanta cewa haya ba ta inganta sai an san kuɗinta an san wa'adinta. Wanda ya karɓi kuɗi a kan wa'adi sannan ya tashi mutum kafin ya cika, ko ya ƙara masa kuɗi a tsakiya, ya je ya tambayi limamin unguwarsu matsayinsa.

Gwamnati ma ba za ta wanke hannunta ba. Duk wanda ya kawo jami'a gari ya san mutane za su biyo ta, ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamnatin Shagari tsakanin 1979 da 1983 ta gina gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi, ko ba su wadatar ba an ga alamar niyya. A 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa, aka ce ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa domin ya sami rancen gina muhalli. Mai karatu ya duba cikin ƙananan ma'aikatan da ya sani, ya ƙirga waɗanda suka shiga gidan kansu ta wannan hanya. Makarantunmu na da kuwa da gidajen malamai aka gina su, domin malami ya kwana kusa da ɗalibansa. Yau malamin da aka turo baƙo sai ya fara da neman dillali kafin ya nemi ofishin shugaban makaranta, kuma wanda ya kwana yana tunanin wa'adin mai gida ba zai shiga aji da cikakken hankali ba. 'Ya'yan masu gidajen ne dai ke zaune a gabansa.

To mene ne abin yi? Ga abin da nake kira a yi, kuma babu ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin garin nan.

Na farko, a ƙulla haya a kan shekara, amma a riƙa biya wata-wata, ko in an matsa wata uku-uku, tare da ajiyar da ba ta wuce kuɗin wata biyu ba, wadda za a mayar wa mutum ranar da ya tashi in bai yi ɓarna ba. Na ce a ƙulla a kan shekara ne da gangan, a kuma rubuta notis na wata shida a ciki, domin kada wani mai wayo ya ce tun da wata-wata kake biya notis ɗinka na wata ɗaya ne.

Na biyu, kowace haya ta kasance a rubuce, da Hausar da kowa zai gane, boko ko ajami, shafi ɗaya tak: sunan mai gida da na ɗan haya, kuɗi, wa'adi, wanda zai gyara rufi da masai, yadda za a raba kuɗin wuta, da sharaɗin cewa ba ƙari sai wa'adi ya cika an kuma sanar tun da wuri. Mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida, kowa ya riƙe kwafinsa, kuma duk kuɗin da aka biya a ba da rasit. A nan 'yan'uwa masu alƙalami muna da abin yi da hannunmu, domin tsara irin wannan takarda cikin Hausa mai sauƙi a raba wa masu unguwanni bai fi ƙarfin reshe ɗaya na ƙungiya ba.

Na uku, la'adar dillali ta zama sau ɗaya, daga hannun wanda ya sa shi aiki, a kuma soke kuɗin gani. Dillalan gidaje su yi rajista a ƙaramar hukuma domin a san su, wanda ya ci amana a san inda za a same shi.

Na huɗu, hakimi da shugaban ƙaramar hukuma su kafa zauren sasanci mai wakilan masu gidaje da 'yan haya da ɗalibai da malaman addini, inda talakan da ke jin tsoron kotu zai kai kukansa ba tare da ya biya ko kwabo ba. 'Yan majalisarmu na jiha kuma, na Dutsin-Ma da na Kurfi, su kai maganar zauren majalisa a Katsina a yi mata doka, domin abin da ke faruwa a nan yana faruwa a duk garin da ke da babbar makaranta ko 'yan gudun hijira.

Na biyar, hukumomin manyan makarantu da gwamnati su ba masu hali fili a wuri mai tsaro, bisa yarjejeniya, su gina ɗakunan kwanan ɗalibai. Ranar da ɗalibi ya sami gado a cikin makaranta, ranar ce dillali zai sauke murya a cikin gari.

Daga ƙarshe ina magana da mu 'yan haya. Mu ne muke zagayawa bayan idon juna mu ce wa mai gida in ya tashi wane za mu ƙara dubu goma. Mu ne muke ganin an watso kayan maƙwabci mu ja ƙofa mu yi shiru, muna murna ba mu ba ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, domin wa'adinka na nan tafe. Ku kuma masu gidaje, Allah ya sanya albarka a dukiyarku, ba mai yi muku hassada. Amma ku tuna cewa mutanen da ke tsaye a ƙofarku da katifa a ka, da yawansu shekaru kaɗan da suka wuce suna da gidansu da rumbunsu da garkensu, dare ɗaya ya raba su da komai. Wanda ya raba su da nasu bai yi alƙawari da kowa ba.

Duk mai gidan da yake ganin na zalunce shi a wannan rubutu, shafin nan a buɗe yake, ya ɗauko alƙalami ya ba ni amsa a fitowa ta gaba. Abu ɗaya kawai nake roƙo ya haɗa a cikin amsar tasa: ya gaya mana ko shi akwai wanda ya taɓa biyan sa albashin shekara guda tun bai yi aikin ba.

Daga Kutawa, Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma, Jihar Katsina.